Abin da Iska Ke Ɗauke da Shi a Karkarar Kano: Bununi da Ƙaiƙayi da Hazo

 

Malamai sun san hukuncin mai atishawa. In ya yi hamdala a yi masa addu'a har sau uku, in ya zarce haka sai a bari, a ce mura ce ta kama shi. To, akwai mutumin da kan jera atishawa ashirin kowace safiya, hancinsa na zubar da ruwa garau, idanunsa sun kaɗa sun yi ja suna ƙaiƙayi, amma jikinsa babu zazzaɓi, kuma iyalinsa ba su ɗauka ba. Ya sha magani mako uku bai rabu da ita ba, sa'an nan wata rana ta tafi don kanta. Baɗi war haka kuma ta komo.

Ku sani wannan dabam take da murar da muka saba. Mura ta ainihi ƙwayar cuta ke kawo ta, tana bin gida daga wannan zuwa wancan, kuma galibi ba ta wuce kwana 7 zuwa 10. Ita kuwa mai komowa shekara shekara, asalinta abin da iska ta ɗauko ne a wannan lokaci. Iskar ƙasarmu tana da lissafinta kamar yadda taurari ke da nasu, kuma wanda ya san lokacin ciwonsa ya sami rabin magani. Bayanin wannan lissafi muke so mu kawo yau.

Fasali na farko: waɗanda suka fara gane ta

Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya ar-Razi, babban likitan Rayyi da Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekara ta 925 ta Miladiyya, ya rubuta risala a kan dalilin da ya sa malam Abu Zaidu al-Balkhi ke fama da mura kowace shekara sa'ad da furen wardi ya buɗe. Ana lissafa risalar nan cikin bayani mafi daɗewa da aka yi a kan wannan cuta.

A 1819 wani likita a Landan, John Bostock, ya bayyana irin murar da ke kama shi duk lokacin zafi na ƙasarsu. Mutane suka yi ta zato, wasu suka ce zafin rana ne, wasu suka ce ƙamshin busasshiyar ciyawa ne. Sai a 1873 Charles Blackley, likita a Mancesta, ya warware gardamar. Ya riƙa sa bununin ciyawa a hancinsa da fatarsa yana duba abin da zai faru. Ya kuma shafa abu mai danƙo a jikin gilashi ya ajiye a fili, gari ya waye ya ƙidaya abin da ya manne ta cikin madubin da ke ƙara girman abu. Ya tarar ranar da bununi ya yi yawa a gilashi, ranar ciwonsa ke tsananta. A 1906 likitan yara Clemens von Pirquet na Biyana ya laƙaba wa irin wannan hali suna alaji. Da Hausa abin da ya fi kusa da shi shi ne borin jini.

Ga yadda abin yake. Jiki yana da dakaru masu tsaronsa daga ƙwayoyin cuta. A jikin wasu mutane dakarun nan kan yi kuskure, su ɗauki baƙo marar laifi a matsayin ɓarawo. Da bununi ya sauka a hanci sai su tasam masa, su saki wani sinadari mai suna histamin, shi ne ke kawo kumburi da ƙaiƙayi da zubar ruwa. In rigimar ta tsaya a hanci da ido, wahala ce kawai. In ta gangara ƙirji, hanyoyin numfashi su tsuke, mutum ya riƙa fito kamar ana busa sarewa, to, ta zama asma, ita kuwa tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu asma a 2019 sun kai miliyan 262, waɗanda ta kashe a shekarar kuwa 455,000. Halin yakan bi jini, shi ya sa za ka ga uba da ɗa suna yi, maƙwabcinsu kuwa ko a jikinsa.

Fasali na biyu: damina da bununi

Ƙasarmu ta bambanta da sauran karkara. Baturen nan masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya buga bincike a 1965 a kan yankin da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna cewa saboda yawan jama'a kusan kowane taƙi ana noma shi kowace shekara babu hutu, jakuna na kai itace birni suna komowa da taki. Har yau in ka tsaya a bakin ƙauye za ka hangi na gaba, kuma gero kan zo har jikin danga. Saboda haka hancinmu yana kusa da gona dare da rana.

Gero in an shuka shi a watan Yuni, yakan fid da kai cikin Agusta. Manomi ya san da fari wasu fararen zare ke fitowa a jikin kan, bayan kwana biyu ko uku kuma sai garin nan rawaya ya biyo, watau bununi. Iska ke kwasarsa daga wannan kai zuwa wancan, kuma in babu shi babu ƙwaya. Ashe abin da ke sa wani atishawa shi ne ke cika rumbun kowa. Bayan gero sai dawa da maiwa su karɓa cikin Satumba da Oktoba, tare da ciyayin bakin gona da na burtali, kamar gamba da ƙyasuwa da ƙarangiya da harkiya.

Akwai ƙa'ida mai amfani a nan. Itacen da furensa ke da kyan gani ko ƙamshi, ƙudan zuma ko jemage ke ɗaukar masa bununi, kamar mangwaro da darbejiya da ɗorawa da kuka. Bununin irin waɗannan yana da nauyi da danƙo, ba ya nisa cikin iska. Waɗanda furensu ba shi da kyan gani kuwa, watau hatsi da ciyawa, da iska suka dogara, don haka suke zubar da shi ba adadi. Sau da yawa akan ɗora wa bishiyar ƙofar gida laifi saboda ƙamshinta, alhali mai laifin yana can bakin kunya.

Bununi ya fi tashi da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Ruwan sama mai ɗorewa yakan wanke iska, amma iskar da ke gaban hadari takan tayar da shi, danshi kuma ya farfasa shi ya zama ƙanana masu shiga ƙirji. Ranar 21 ga Nuwamba 2016 irin wannan hadari ya taso a birnin Melbon na Ostareliya lokacin da ciyawa ke fure, mutane dubbai suka cika asibitoci cikin dare ɗaya, 10 suka rasu. Mai asma in ya ga hadari ya haɗo a lokacin bununi, ya shiga ɗaki ya rufe taga har ruwa ya sauka sosai.

Fasali na uku: kaka da ƙaiƙayi

Hausawa sun ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, kuma ko ba a karin magana ba haka abin yake. Da an kawo amfani gida sai sussuka da sheƙa da casa, kuma mata ne suka fi shan ƙurarsu. Yanzu da injin sussuka ya shigo ƙauyuka aikin ya yi sauri, amma ƙurar da a da akan watsa cikin mako guda yanzu cikin awa ɗaya take tashi, a kan matasan da ke ɗura wa injin.

Ƙurar hatsi tarkace ce mai yawa. Akwai gutsattsarin ƙaiƙayi, akwai ƙasa, akwai ƙwayoyin fumfuna in an ajiye hatsi bai gama bushewa ba, akwai kuma kashin ƙananan ƙwari da ido ba ya gani. Wanda ya shiga tsohon rumbu, ko ya kwance harawar da ruwa ya taɓa, ya fito yana tari ƙirjinsa ya riƙe, waɗannan ne suka same shi.

Wannan fasali naku ne musamman, ya 'yan kasuwa. Kasuwar Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma kullum ana zazzage buhu ana tankaɗe riɗi da wake da gero a cikinta, haka nan a kasuwannin mako na karkara. Mai kaya yakan zauna bakin rumfa, ɗan dako da mai awo ne ke cikin sito. Alamar da za a lura da ita ita ce mutum ya ji sauƙi ranar da bai je aiki ba, ya koma ciwo ya komo. Wanda ya ga haka ya sani aikin ne, kuma in ya yi ta jurewa shekara da shekaru ƙirjin kan lalace lalacewar da ba ta gyaruwa.

Fasali na huɗu: hunturu da hazo

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iska kan juyo daga arewa maso gabas. Yawancin hazon da take kawo mana daga wani kwari yake a arewacin ƙasar Cadi, kusa da garin Faya, ana ce da shi Bodele, nisansa daga Kano ya fi kilomita 1,000. Shekaru wajen 7,000 da suka shuɗe wurin ƙarƙashin wani babban tafki yake, wanda tafkin Cadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iska na kutsawa tsakanin duwatsun Tibasti da na Enedi ta ƙara ƙarfi, ta faɗa wa wannan ƙasa. Masana masu duba hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta a 2006 cewa kwarin kan tayar da ƙura kwana wajen 100 a shekara, kuma a rana ɗaya ta hunturu yakan tayar da kimanin tan 700,000. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso kanmu.

Ita ma wannan ƙura tana da alherinta. Grant McTainsh, wanda ya yi awon ƙurar da ke sauka a ƙasar Kano ya buga sakamakon a 1980, yana cikin waɗanda suka nuna cewa hazo na ƙara wa ƙasar noma laushi da abinci. Ƙurar Sahara har teku take ƙetarewa ta kai taki dajin Amazon na Kudancin Amurka.

Amma sharrinta yana ga ƙanƙantarta. Masana suna awo da maikiron, watau kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kai maikiron wajen 70 ne. Bununin ciyawa 20 zuwa 50 ne, shi ya sa yawancinsa ke tsayawa a hanci. Ƙurar da ba ta kai 10 ba tana wucewa ƙirji, wadda ba ta kai biyu da rabi ba kuwa har ƙarshen huhu take zuwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wannan mafi ƙanƙanta ta wuce maikirogiram 15 cikin kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da zurfi, a kwana guda. Ranar hazo mai kauri, irin wanda ke hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, iskarmu kan ninka haka sau da yawa. Ƙura ba ta bukatar borin jini kafin ta yi ɓarna, kowa take taɓawa, amma ta fi tsananta ga jarirai da tsofaffi da masu asma da masu ciwon zuciya.

A kan hazo kuma mukan ƙara hayaƙi da hannunmu. Sanyi ya sa a toshe taga, a shigo da kaskon wuta ɗaki, mata su yi girki da kara a rufaffen madafi da goyo a baya. Hukumar nan ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum fiye da miliyan 3 a duniya a 2020. Gawayi da janareta kuma suna fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan kashe masu barci a rufaffen ɗaki ba su farka ba.

Fasali na biyar: bazara

Da zafi ya shigo sai sharar gona da ƙone-ƙone da watsa taki, ga guguwa na yawo a fili. Hancin da ya sha bushewa wata huɗu ya tsage, yara na haɓo. Ta wannan ƙofa ƙwayar sanƙarau ke samun sauƙin shiga, musamman inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya. Shi ya sa annobarta ke zuwa daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Kano na cikin inda ta fi ɓarna. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai tare iri 5 na ƙwayar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba su jiran gobe.

Fasali na shida: yadda ake ƙidaya, da yadda za mu ƙidaya

A 1952 wani masani a Ingila, Hirst, ya ƙera na'urar da ke zuƙar iska lita 10 a minti ɗaya, kusan gwargwadon numfashin mutum, ta wata siririyar kafa, abin da ke ciki ya manne a jikin abu mai danƙo, sa'an nan a ƙidaya. Da irinta ake sanar da mutanen Turai adadin bununi tare da labarin yanayi. Malaman jami'a sun yi irin wannan awo a Nsukka da Legas da Abuja, suka tarar bununin ciyawa na cikin mafi yawa. Hukumar NiMet kuma takan yi gargaɗin hazo kafin ya iso, ana jinsa a rediyo.

Manomin Makoɗa ba ya tashi ya tarar da adadin bununin gonarsa a jarida. Amma muna da abin da zai tsaya a madadinsa. Malamanmu na hisabi sun riƙe taurari 28, bakwai ga kowane lokaci na shekara, kowane kwana 13, kuma da su manoma ke sanin shuka da girbi. Mai wannan ciwo, ko uban yaron da ke da shi, ya sami takarda ɗaya. Duk ranar da abin ya tashi ya rubuta kwanan wata da tauraron da ake ciki, Ɗarfa ne ko Jabha ko Sarfa, da abin da ake yi a ranar, gero na bununi ne, ko ana sussuka, ko an tashi da hazo, ko an kwana da wuta a ɗaki. Shekara ɗaya ko biyu ta isa abokin gāba ya bayyana kansa. Ya kai takardar nan wa likita, za ta fi masa amfani bisa ga cewa kullum ina mura. Malamin da ke da almajirai da yawa, takarda ɗaya ta ishe shi ga dukkansu.

Fasali na bakwai: nasiha

Ya malamai, yaran da ke hannunku amana ne. Wutar karatun dare a hura ta a fili, a zaunar da yara ta inda iska ke fitowa, kada a jefa roba ko leda ko tsohuwar taya a ciki. Yaron da ke tari cikin dare, ko ƙirjinsa na fito bayan ya yi gudu, a nisanta shi da hayaƙi, kada a ce ragwanci ne. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar kafar iska ko da ana ɗari. Yaron da idonsa ya rine yana ta murza shi, a wanke masa da ruwa mai tsabta a kai shi wurin masu duba ido. Wasu magungunan ɗigawa da ake saye ba da izinin likita ba suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma in an daɗe ana sa su suna kawo yana da hawan jinin ido, har makanta.

Ya 'yan kasuwa, a busar da hatsi sarai kafin a ɗure. A yayyafa ruwa kafin a share sito. A yi tankaɗe a fili, iska na bayan mai yi. Ku saya wa yaranku takunkumi, wanda ake kira N95 ya fi tare ƙura, in babu shi amawali ko ƙyalle mai ninki ya fi babu. Buzaye da suka rufe baki da hanci a hamada sun san abin da suke yi. Ƙwayar maganin da ake sa wa buhu don kashe ƙwari guba take fitarwa, kada a ajiye irin wannan buhu inda mutum ke kwana.

Ga kowa da kowa kuma: wanda ya dawo daga gona lokacin bununi ya wanke fuska ya sāke riga. Shaƙa ruwa da facewa, yadda ake yi a alwala, yana fid da abin da ya maƙale a hanci, haka nan ruwan da aka tafasa ya huce aka sa masa ɗan gishiri. Kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta ba su yi wa wannan mura kome, asarar kuɗi ce. Maganinta shi ne mai kwantar da histamin. Tsohon irinsa, kamar Piriton, yana sa gyangyaɗi, direba da ɗan acaɓa su kiyaye, su nemi irin da ba ya sa barci. Abin shaƙa na masu asma ba ya zama jaraba kamar yadda ake faɗi. Iri biyu ne, akwai mai buɗe ƙirji nan take, akwai na kullum mai hana ciwon tashi, likita ne zai faɗi wanda ya dace. Wanda takardarsa ta nuna masa lokacinsa ya tanadi maganinsa mako biyu kafin lokacin ya zo, kamar yadda ake tanadin iri kafin ruwan shuka.

Tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini ko rama ko gumin dare, a je a gwada majina, domin yana iya zama tarin fuka, gwaji da magani kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wanda numfashi ya gagare shi har ba ya iya ƙarasa magana, ko leɓensa ya sāke launi, ko yaron da haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a wannan sa'a, dare ne ko rana.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman matan gida masu sheƙa da girki, domin su ne suka fi kowa shaƙa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.